Ranar da Dakta Baballe Ya Gwada Barcin Alu

Duk Agege, daga bakin layin dogo har ka ɓulle kasuwar goro, babu wanda bai san Baballe da farar rigarsa ba. Dakta Baballe, in ji shi da kansa. A shekarun nan kuwa wa ke tambayar mutum takarda? Sojoji sun koma bariki, kowa ya samu baki, kowa ya samu laƙabi. Mai wanki ya zama Ciyaman, mai okada ya zama Honarabul, to Baballe ne zai zauna haka nan ba ko ɗigo a gaban sunansa?

Gaskiyar magana, aikinsa goge ƙasa ne a wani asibitin kuɗi can wajen Ikeja, a sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa da jijiya. Akwai wata likita da ta dawo daga waje da na'urar gwajin barci. Duk Laraba takan tara ƙananan likitoci a wani ɗaki ta koya musu yadda ake ɗaura wa mutum wayoyin, da yadda ake karanta abin da na'urar ta zana. Duk Laraba kuwa bakin ƙofar ɗakin nan sai ya sha guga sau bakwai. Abin da ya faɗo kunnen Baballe ta tsagar ƙofa, shi yake kwasowa ya kawo teburin mai shayi da yamma, ya ƙara masa gishiri.

"Yau ni da Madam mun sha aiki," haka yake farawa, yana fifita da hula. "Wani Bature aka kawo, numfashinsa na tsayawa sau arba'in a awa. Madam ta rasa ta cewa, ta juyo ta ce, Baballe, me ka gani?"

Da abin ya tsaya a teburin shayi, da babu wanda zai yi kuka. Sai ga maganar Alu.

Alu ƙanin Rabi ne, matar Baballe. Shekara tara yana jan gingimarin Alhaji Sunusi mai goro, ya kai goro Kano, ya dawo wa 'yan kasuwar Mile 12 da albasa. Mutum ne mai sanyin hali da kunya, motar nan kuma ita ce cinsa, ita ce shansa, ita ce ta iyalinsa. Ran nan a bayan Ogbomosho gyangyaɗi ya ɗebe shi, bai farka ba sai a tsakiyar gonar rogon wani bawan Allah. Ba wanda ya ji ciwo, amma Alhaji ya karɓe makulli ya jefa aljihu.

"Ran Asabar bayan la'asar motar nan za ta tashi," in ji Alhaji. "In likita ya ce barcinka lafiyayye ne, ga makullinka. In ba haka ba, wani zan ba."

Rabi ta samu mijinta da maganar. "Baban Umaima, ka taimaka ka kai Alu wurin likitar nan taku. Tunda kana da hanya."

Baballe ya hango abin da zai faru. Ya kai Alu asibiti, Alu ya tarar da Dakta da bokiti da tsumma? Kafin magariba labari ya gama Agege! Sai ya gyara murya ya ce, "Madam ai a wurina take ƙarin haske. Me zai sa a ɗauki ɗan mutane a sa shi shan wahalar motar haya ta danfo, alhali ga ni a gida?"

Washegari ya saka farar riga ya dira a shagon Alhaji. Ya ce Asabar da hantsi zai gwada barcin Alu a ɗakinsa, a gaban idon Alhaji, ya nuna wa duniya barcin yaron nan kalau yake. Ba ma haka ba, zai koyar da ilimin kyauta, don al'ummarmu ta daina zama a baya. Nan take ya ɗauki ɗalibai biyu: Misbahu mai gyaran rediyo, haifaffen Legas, da Uwaisu, wani ƙato mai dakon buhuna a Mile 12.

Asabar ta yi. Aka shimfiɗa katifa a tsakiyar ɗaki. Misbahu ya kawo wayoyin tsohuwar sifika, aka ɗaura wa kowace marfin kwalbar lemo a baki. Na'urar kuwa, sitabilaizar firjin Iya Rahmatu ce mai gidan haya, mai allurar nan da ke kaɗawa a bayan gilashi. Baballe ya aro ta da sunan zai duba mata lafiyarta. Abin manna wayoyi a fata ne ya gagara, sai ya sa Rabi ta tuƙa teba mai ƙarfi.

"Ɗalibai, ku buɗe kunne," in ji shi, yana danna curin teba a goshin Alu. "Wannan ta ƙwaƙwalwa ce. Waɗannan biyu na gefen ido. Wannan ta haɓa. Barci hawa-hawa ne: akwai na sama-sama, akwai mai nauyi, akwai na mafarki, wanda ido ke yawo a ƙarƙashin fata. Duk sai mun gan su."

Ya ɗaure ƙirjin Alu da robar ɗaure kaya, ya maƙala masa abin matse shanya a ɗan yatsa, ya manna gashin kaza a ƙasan hancinsa don a ga shigar numfashi da fitarsa.

"Uwaisu, kai ƙirji za ka zuba wa ido. In ya tsaya, ka ƙirga. Ya kai goma bai motsa ba, ka yi zane a bango da gawayi. Misbahu, kai allura. Muddin tana rawa, ƙwaƙwalwa na aiki. In ta kwanta kuwa, sai dai addu'a."

Misbahu ya sosa ƙeya. "Oga Dakta, abeg, wannan allurar fa wutar gida take aunawa."

"A hannun jahili take auna wutar gida."

"Kuma wayoyin a jikin mariƙinta ka ɗaure su, ba su shiga ciki ba."

"Kai ne malamin ko ni?"

"Kai ne, Oga."

"To oya, kalli allura."

Ana haka Alhaji Sunusi ya yi sallama, aka ba shi kujera a gefen katifa. Alu ya yi zumbur ya durƙusa, wayoyi na reto a fuskarsa.

"Kwanta mana," in ji Baballe.

"Haba Yaya. Alhaji na zaune, ni in miƙe ƙafa?"

"Kwanta, Alu, na yafe," in ji Alhaji. Ya zaro goro fari tas daga aljihu ya miƙa masa. "Ungo, ka ɗan samu ƙarfin jiki."

Baballe ya san a asibiti ko shayi ba a bari mai gwaji ya sha. Ya buɗe baki, ya dubi Alhaji, ya mayar ya rufe. Wa zai ce wa mai goro goronsa matsala ne? Alu ya karɓa hannu biyu ya ɓare, ya kwanta rabi da rabi, ƙafa a naɗe, kai a sama, yana tauna cikin ladabi.

Sai Iya Rahmatu ta leƙo neman sitabilaizarta. Ta ga Alu a shimfiɗe, fuska duk waya, gashin kaza a hanci. Ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Ashe abin ya kai haka? Shi ne ba wanda ya gaya mini?"

"Iya, bincike ne..."

Ina! Ta riga ta fita, kuma Iya Rahmatu ba ta buƙatar lasifika. Kafin a yi haka, unguwa ta ji cewa Alu direba na kwance rai a hannun Allah, an sa masa na'ura. Mutanenmu kuwa ka san su da zumunci. A ce ɗan'uwa na kwance a baƙon gari, a ƙi zuwa dubiya? Sai aka fara sallama.

"Salamu alaikum. Alu, sannu. Ya jiki?"

"Wa alaikumus salam. Da sauƙi." Alu ya yunƙura zai tashi.

"Kwanta!" in ji Baballe.

"Salamu alaikum. Ashe haka abu ya faru? Sannu, sannu."

"Yauwa, na gode. Ya iyali?"

"Alu, rufe ido!"

Ya rufe ido ɗaya, ya bar ɗayan a ƙofa don kar wani babba ya shigo bai gaishe shi ba. 'Yan kasuwar goro suka zo ayari guda, kowa da nasa a hannu, don ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Wannan ya ce nasa daushe ne, wancan ya ce ja ya fi wanke baki, musu ya kaure, aka ce to mara lafiya ya raba gardama. Alu ya ɗanɗana wannan, ya ɗanɗana wancan, ya ce duka sun yi, don bai iya ɓata wa kowa ba. Mata suka aiko da kunun tsamiya da farfesu. Liman ya zo ya ja doguwar addu'a, Alu ya ɗaga hannu zai shafa, wayoyi uku suka ɓalle.

Baballe ya yagi kwali ya rubuta A YI SHIRU ANA KIMIYYA, ya manna a ƙofa. Jama'a suka girmama takarda, suka koma gaisuwa da raɗa.

"Sannu, Alu," a hankali.

"Yauwa, sannu," shi ma a hankali.

Kai, ranar Baballe ya ga ta kansa. Zufa ta jiƙa farar riga sharkaf. Yana mayar da wayar haɓa, ta goshi na faɗuwa. Tururuwa suka ji ƙanshin teba suka yi layi ta kan matashi. Kazar da aka fige wa gashi ta shigo ramuwa, ta haye katifa ta cafe curin gefen ido, ta fita da waya tana ja, Misbahu na bin ta yana zaginta da Yarbanci.

Azahar ta yi, aka kwance Alu ya yi alwala ya yi salla, aka sake tuƙa teba, aka sake ɗaurawa.

Wajen ƙarfe biyu da rabi ɗaki ya ɗan lafa. Sai ga wani minshari, mai kauri, mai tsawo, har kwanon farfesu na amsawa. Baballe ya daka tsalle ya juya wa jama'ar da ke cunkushe a ƙofa.

"Kun ji? Kun ji ko? Hawa na biyu ke nan, mai nauyi! Ku saurari yadda yake fita sumul, ba gargada. Alhaji, mai irin wannan barcin, ko jirgin sama ka ba shi..."

"Yaya," in ji Alu daga katifa, idonsa tar. "Ba ni ba ne."

Uwaisu ne. Ya kwana sauke buhuna a kasuwa, an zaunar da shi kallon ƙirjin mutum na hawa da sauka. Ya jingina da bango, baki a buɗe, gawayi a hannu. Dariya ta ɓarke har tsakar gida.

"Wannan ai darasi ne na shirya," in ji Baballe. "Don ku ga bambanci."

Bai rufe baki ba aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya. Allurar sitabilaiza ta yi lilo sau ɗaya, ta kwanta.

Misbahu, da ma neman abin tsokana yake, ya ce, "Oga Dakta, allura ta kwanta o."

Iya Rahmatu na bakin ƙofa, kuma an riga an ba ta labarin abin da Dakta ya ce game da allura. Ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. "Inna lillahi! Ƙwaƙwalwa ta tsaya! Alu ya tafi!" Matan tsakar gida suka ɗauka, na waje suka karɓa, wani ya ruga kiran masu wanka. Rabi ta yar da muciya ta keto mutane tana kuka tana kiran sunan ƙaninta. A daidai lokacin Alu ya gaji da kwanciya ya ɗan lumshe ido, jin kururuwa sai ya tashi zaune, teba na zuba daga fuskarsa.

"Subhanallahi. Wa ya rasu?"

Waɗanda ke gaba suka yi baya, na baya suka yi waje, aka tattake takalma, kunun tsamiya ya kife a ƙafar Liman. Uwaisu ya farka a firgice ya zabga zane a bango, ya ce, "Goma!"

Da ƙura ta lafa, Alhaji Sunusi ya duba agogo ya miƙe. Bai yi dariya ba ko sau ɗaya.

"Dakta, la'asar ta kusa. Awa biyar ina zaune, ban ga barci ba balle in san lafiyarsa. Kaya na jira."

Alu ya ji haka, idonsa ya kawo ruwa. Ya jawo rigar Baballe ya ce masa ƙasa-ƙasa, "Yaya, ka cece ni. Ni fa ban iya barci a katifa ba. Shekara tara, in ban ji inji na kaɗawa a jikina ba, ido ba ya rufuwa."

Fuskar Baballe ta washe. "To me ya hana ka faɗa tun safe? Jama'a! Za a mayar da bincike cikin mota!"

"Ehen," in ji Misbahu. "Can ma allura huɗu ce a gaban direba, kuma ba ruwansu da ɗauke wuta."

"Ka fara zama ɗalibi."

Rabi ce kaɗai ta hango inda aka dosa. Ta sha gabansa a ƙofa, ta rage murya. "Baban Umaima, don girman Allah kar ka kai shi motar nan. Ka tsaya ka yi tunani. A gaban Alhaji fa."

"Matsa, Rabi. Ke tebarki aka sa ki, kin yi, an gode."

"Ka saurare ni..."

"In an gama kya yi guɗa."

Aka ɗunguma. Gingimarin na tsaye a filin bakin layin dogo, an lafta masa huhunan goro an ja tamfol. Baballe a gaba da farar riga, Alu a baya wayoyi na jan ƙasa, sai Alhaji, sai rabin Agege, har da masu wankan da aka kira, tunda sun riga sun fito. Masu okada suka tsaya, fasinjojin wata danfo suka leƙo ta taga.

"Alhaji, a ba shi makulli ya tayar," in ji Baballe.

Alhaji ya zaro ya miƙa. Wayyo, ka ga yadda Alu ya karɓi makullin nan! Ya juya shi a tafin hannu, ya yi murmushin da rabonsa da shi tun Ogbomosho. Ya haye kujerarsa, ya yi bismilla, ya murɗa. Inji ya yi tari biyu ya kama, motar duka ta ɗauki rawa. Baballe ya tsaya a matakala yana ƙulla wayoyi a jikin madubi, yana jawabi.

"Ɗalibai, a kimiyya ana kai mara lafiya inda jikinsa ya saba. Riƙe sitiyari, Alu, yadda ka saba. Yauwa. Dubi gaba, kamar kana hanya. Saki jikinka."

Alu ya riƙe sitiyari, ya dubi gaba. Ido ya yi ƙasa, ya dawo. Ya sake yin ƙasa. Haɓa ta sauka kan ƙirji. Ko minti biyu ba a yi ba.

"Ya tafi!" Baballe ya yi ihu, ya ɗaga hannu biyu sama har ya kusa faɗowa. "Allahu akbar, ya yi barci! Hawa na ɗaya! Ku duba, ya shiga na biyu! Wa ya ce ban iya ba? Ina masu dariya? Misbahu, rubuta lokaci! Awa biyar katifa ta kasa, ni na yi a minti biyu!"

Kan Alu ya gangara ya sauka a kan hon. Ƙara ta cika filin, awaki suka watse, masu okada suka toshe kunne. Alu ko gezau, sai ma minshari da ya ɗora a kai.

"Kun gani? Ko hon bai tashe shi ba! Alhaji, ka taɓa ganin barci mai inganci irin wannan a bakin sitiya..."

Nan maganar ta maƙale masa. Ya dubi Alu, ya dubi sitiyari, ya dubi Alhaji. Hannayensa da ke sama suka sauko a hankali. Duk filin ba mai dariya yanzu, sai hon kaɗai ke ta kuka.

Alhaji ya tattare babbar riga, ya taka matakala, ya zura hannu ta taga ya kashe mota, ya zare makulli.

"Goro nawa ya ci yau?" ya tambaya.

"Sha ɗaya, Alhaji," in ji wani ɗan kasuwa. "Ban da ɓarin da ya ɗanɗana."

"Sha ɗaya. Da rana tsaka. Da hon a kunnensa." Alhaji ya sauko ya kama hannun Baballe ya girgiza da gaske. "Dakta, ka yafe ni, da na raina iliminka. Wallahi yau da niyyar mayar masa na fito, don ina jin tausayinsa. Ka ceci motata, ka ceci mutanen hanya. Allah ya ƙara basira."

"Alhaji, ai ba a gama ba, akwai hawa na... a sake gwadawa a..."

"Na ga abin da zan gani." Ya jefa makulli aljihu, ya juya yana kiran wani direba.

Shirun injin ne ya tashi Alu. Ya ɗago, shatin hon a goshinsa, gashin kaza ya koma kumatu. Ya goge baki, ya ga jama'a sun yi cirko-cirko suna kallonsa, ya ga yayarsa Rabi a gaba ta rufe baki da mayafi. Ya yi murmushin jin kunya, ya kai hannu inda makulli yake, ya shafa, ya sake shafawa. Sannan ya leƙo ta taga.

"Yaya Baballe, na samu na yi barcin kuwa. Na ci?"

Baballe ya waiwaya neman ɗalibansa. Misbahu ya sulale, Uwaisu na jingine da tayar baya yana minshari.

Rabi ta matso ta buɗe ƙofar motar da kanta, ta miƙa wa ƙaninta hannu.

"Ka ci, Alu," ta ce. "Duk garin nan ba wanda ya kai ka. Sauko mu tafi gida."